Mililita 20 Da Ke Raba Riba Da Asara A Harkar Ƙananan Injuna

LEGAS: Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, hankalin masu ƙananan sana'o'i ya koma kan farashin lita. A cikin 'yan kwanaki kamfanin NNPC ya mayar da lita Naira 488 a Legas da Naira 537 a Abuja, bayan da a baya ake sayenta ƙasa da Naira 200, kuma zuwa watan Oktoba na 2024 farashin ya haura Naira 1,000 a Abuja. Sai dai akwai wani ma'auni da ya fi lita ƙanƙanta ƙwarai, wanda ba a cika tattauna shi ba, alhali kuwa shi ke yanke hukuncin ko injin ɗan kasuwa zai yi shekaru yana aiki ko zai buga cikin 'yan makonni. Wannan ma'auni shi ne ɗan man inji da ake zubawa cikin fetur kafin a ba ƙananan injuna masu bugu biyu, waɗanda makanikai ke kira tu-ti.

Injunan da ake magana a kansu ba baƙi ba ne ga kowa. Akwai ƙaramin janaretan nan da mutanen kudu suka laƙaba wa sunan da ke nufin "na fi maƙwabcina", wanda ke kunna aska a shagon aski, da fitilar mai shayi, da allon cajin waya a unguwanni irin su Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo a Ibadan. Akwai injin yankan ciyawa na saɓawa a kafaɗa, wanda 'yan kwangilar share filaye ke amfani da shi a rukunin gidaje, da makarantu, da gefen manyan hanyoyi, da gonakin kwakwar manja. Akwai zarton inji na masu katako a dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Kuros Riba. Haka kuma akwai injin kwalekwale da masunta da masu jigila ke dogaro da shi a yankin Neja Delta, da tafkin Kainji, da tafkin Chadi. Dukansu jarin wani ne, kuma dukansu suna rayuwa ne a kan haɗin fetur da mai.

Dalilin da ya sa ake haɗawa

Injin mota da na manyan janaretoci masu bugu huɗu ne, kuma suna da ma'ajin baƙin mai a ƙasa, inda man ke zagayawa yana shafe sassan da ke gogar juna, ana juye shi lokaci-lokaci. Inji mai bugu biyu, wanda injiniya Dugald Clerk na ƙasar Sikotilan ya yi wa rajista a 1881 kafin wasu su sauƙaƙa ƙirarsa, ba shi da wannan ma'aji. Fetur da iska suna fara bi ta ɗakin karanshaf ne kafin su hau silinda, saboda haka man da zai shafe fistin da zobbansa da boris dole ya shigo tare da fetur ɗin, ya yi aikinsa, sannan ya ƙone tare da shi ya fita ta salansa.

Wannan ƙira ce ta sa injin ya zama mara nauyi, mai araha, mai sauƙin gyara, wanda ke iya aiki a karkace ko a kife, kamar yadda mai zarto ko mai yankan ciyawa ke buƙata. Ita ce kuma ta ɗora wa mai injin nauyin da injin mota ba ya ɗora wa direba: duk lokacin da aka cika tanki, sai an sake yanke shawarar yawan man da injin zai samu. Ƙaramin janareta yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, yayin da zarton inji na zamani kan haura sau 12,000. A irin wannan gudu, fetur zalla na iya hallaka fistin da silinda cikin 'yan mintoci.

Lissafin awo

Masu ƙera injuna suna rubuta haɗin ne da alƙaluma biyu. Idan aka ce 50:1, ana nufin kashi 50 na fetur a kan kashi ɗaya na mai, wato mililita 20 na mai a kowace lita ɗaya ta fetur, ko mililita 100 a lita biyar. Haɗin 40:1 yana nufin mililita 25 a kowace lita, ko 125 a lita biyar. Shi kuwa 25:1 mililita 40 ne a kowace lita, ko 200 a lita biyar. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba 1,000 da alƙaluman farko, abin da ya fito shi ne mililitar man da lita ɗaya ke buƙata.

Kamfanin Stihl na Jamus da na Husqvarna na Suwidin suna ba da umarnin 50:1 ga zarto da injin ciyawarsu, matuƙar an yi amfani da man tu-ti mai inganci. Da yawa daga injunan ciyawa masu araha da ake shigowa da su daga Sin suna zuwa da umarnin 40:1 ko 25:1. Wasu injunan kwalekwale kuma ana ba su mai ninki biyu a sa'o'in farko na aikinsu, kafin a dawo da su kan awon yau da kullum. Ke nan babu awo guda da ya dace da kowane inji. Abin da aka rubuta a littafin injin, ko a kan murfin tankinsa, shi ne abin bi.

Matsalar ita ce a mafi yawan wuraren aiki ba a auna man da komai sai ido. Wani yana amfani da murfin gora, wani da gwangwanin tumatir, wani kuma yana zubawa har sai launin fetur ɗin ya sauya yadda ya saba gani. Sirinji mai mililita 20, wanda ake samu a kowane kantin magani da kuɗi kaɗan, ya isa ya kawar da wannan kintace: cika ɗaya ga kowace lita, in injin na 50:1 ne.

Ƙaranci da yawa duk asara ne

Idan man ya yi ƙaranci, zafi yakan ƙaru, fistin ya riƙa kartar bangon silinda har ya kama, a ce inji ya buga. Gyaran wannan yana cin fistin da zobba da silinda, wani lokaci har da karanshaf da boris, kuma a ƙananan janaretoci kuɗin gyaran yakan kusanci kuɗin sabon inji. Tsoron wannan ne ya sa mutane da yawa suka ɗauki aƙidar cewa gara mai ya yi yawa da ya yi kaɗan.

Sai dai yawan ma yana da nasa haraji. Man da bai ƙone sarai ba yana barin baƙin dauɗa a kan fulogi, da kan fistin, da ƙofar fitar hayaƙi, da cikin salansa. Zobba sukan manne a cikin ramukansu, ƙarfin injin ya ragu, tashinsa ya yi wuya, ya riƙa shan fetur fiye da ƙima yana fitar da hayaƙi mai kauri. Makaniki mai gogewa yana karanta labarin duka a kan fulogi: launin ƙasa-ƙasa mai haske alamar lafiya ce, baƙi mai maiƙo alamar mai ya yi yawa ne ko ba irinsa ba ne, fari fat kuwa alamar injin yana zafi fiye da ƙima.

A nan ne lissafin tattalin arziki ke ba da haske. A ƙaddara litar man tu-ti mai kyau ta ninka litar fetur sau shida a farashi. A haɗin 50:1, wannan yana nufin a kan kowace Naira 100 ta fetur ana kashe Naira 12 a kan mai. Wanda ya koma ga mai mara inganci na rabin farashi ya rage Naira 6 kacal a kan kowace Naira 100, ya kuma jefa injinsa cikin haɗari. Wanda kuma ya ninka awo, ya zuba 25:1 a injin da ke buƙatar 50:1, ya ƙara wa kansa Naira 12 a kan kowace Naira 100 ba tare da wata fa'ida ba. Shagon da ke ƙona lita huɗu a rana na kwana 26 a wata yana shan lita 104 na fetur, wanda man da ya dace da shi lita biyu ne da ɗan ɗoriya. Duk abin da ya wuce haka hayaƙi ne aka saya da kuɗi.

Ba kowane mai ne na haɗi ba

Kuskure mafi yaɗuwa a kasuwa shi ne zuba baƙin man mota, irin mai lamba 40 ko 20W-50, cikin fetur ɗin inji mai bugu biyu. An sarrafa man mota ne domin ya daɗe yana zagayawa a cikin inji, ba domin a ƙona shi ba, kuma sinadaran da aka ƙara masa suna barin toka idan sun ƙone. Mafi muni shi ne baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke sayarwa a gorori a bakin hanya, domin yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da dauɗar da za ta bi ta kan boris kamar yashi.

Shi kansa man tu-ti ɗin aji-aji ne. Ƙasar Japan, wadda ta yi fice wajen ƙera ƙananan injuna, tana da ma'aunin JASO, inda ake ganin FB da FC da FD a jikin gora. FC da FD sun fi ƙarancin hayaƙi, FD kuma ya fi tsabtace inji. Akwai kuma alamar API TC ta Amurka da ISO-L-EGD ta ƙasa da ƙasa. Waɗannan na injunan da iska ke sanyayawa ne, wato janareta da zarto da injin ciyawa. Injin kwalekwale kuwa ruwa ke sanyaya shi, ba ya kai su zafi, saboda haka yana da nasa man mai alamar TC-W3. Masu ƙera zarto da injin ciyawa suna gargaɗin kada a zuba man kwalekwale a injunansu. Dillalin da ke sayar wa masunta da masu katako a shago ɗaya ya kamata ya ajiye iri biyun, ya kuma san wanda zai miƙa wa kowa.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta ɗaya ɓangaren. Yawancin injunan ban ruwa na noman rani, da janaretoci masu girma, da baburan haya na yanzu irin su Bajaj Boxer masu bugu huɗu ne, fetur zalla suke sha, baƙin mansu yana da wurinsa daban. A wurin aikin da ke da injuna iri biyu, jarka guda da ba a rubuta wa suna ba ta isa ta jawo asara ta kowace fuska.

Fetur ɗin da kansa

Komai kyawun mai, ba ya gyara gurɓataccen fetur. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, lamarin da ya lalata motoci a Legas da Abuja, ya kuma haddasa dogayen layuka a gidajen mai na tsawon makonni. Sinadarai irin su metanol da etanol suna janyo danshi daga iska, suna cinye robobin kafireta da bututun mai, kuma idan ruwa ya taru, mai da fetur sukan rabu a cikin tanki, injin ya zuƙi abin da ba shi da maiƙo. Kamfanin Stihl ya amince da fetur mai etanol har kashi 10 cikin 100 ne kawai ga yawancin injunansa.

Ƙananan injuna sun fi motoci shiga wannan haɗari, domin masu su sun fi saye a hannun 'yan bumburutu, lita ɗaya ko biyu a gora, inda babu mai tabbatar da abin da ke ciki. A yankin Neja Delta kuma akwai man da ake dafawa a haramtattun matatu cikin daji, wanda ba shi da wani ma'auni. Hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin ingancin fetur a gidajen mai, kuma fara fitar da fetur daga matatar Dangote da ke Lekki a watan Satumba na 2024 ya rage dogaro ga na waje. Amma ikon hukuma bai cika kaiwa ga gorar da ke bakin titi ba.

Wani abin lura shi ne haɗaɗɗen fetur ba ya jure ajiya. Masu ƙera injuna suna ba da shawarar kada a haɗa fiye da abin da za a ƙarar cikin kwana 30, kuma zafin ƙasar nan yana gaggauta lalacewarsa. Ɗan kwangilar ciyawa da ya jingine injunansa da rani da fetur a ciki, yakan tarar da kafireta ta toshe da ƙaro idan damina ta faɗi, daidai lokacin da aiki ya buɗe. Maganin wannan shi ne a juye tanki, a tayar da injin ya ƙone abin da ya rage har ya mutu da kansa, sannan a ajiye.

Yadda masu injuna da yawa ke kare jarinsu

Ga mai inji ɗaya da ke aiki da hannunsa, ƙa'idar gajeriya ce: a samu jarka mai tsabta ta musamman, a zuba rabin fetur ɗin, a auna mai a zuba, a rufe a girgiza, a ƙara sauran fetur a sake girgizawa, a rubuta awon da ranar a jikin jarkar. Ba a haɗawa a cikin tankin inji, domin man yakan kwanta a ƙasa. Yawancin man tu-ti an rina shi shuɗi ko ja ko kore domin a gane fetur ɗin da aka riga aka haɗa.

Ga mai injuna biyar ko goma a hannun ma'aikata kuwa, matsalar ta shugabanci ce. Maigidan da ke ba kowane yaro kuɗin fetur da na mai da safe ya buɗe ƙofar da za a rage man a aljihunta bambancin, kuma asarar ba za ta bayyana ba sai bayan makonni, lokacin da ba wanda zai iya cewa laifin wane ne. Haɗa man a wuri ɗaya, a hannun mutum ɗaya, a raba wa ma'aikata a jarkoki masu alama, yana rufe wannan ƙofa. Haka nan masu ba da hayar injin ciyawa ko zarto sun fi samun kwanciyar hankali idan suka sanya kuɗin haɗaɗɗen mai cikin kuɗin haya, suka ba da shi tare da injin.

Dillalai ma suna da ruwa a ciki. Rigimar garanti tsakanin mai saye da mai sayarwa a kasuwanni irin su Alaba da Idumota a Legas, ko Onitsha da Nnewi a jihar Anambra, sau da yawa tana komawa ne kan ko injin ne mara kyau ko mai ne ba a zuba daidai ba. Karce a gefen fistin da ke fuskantar salansa yakan tona asirin ƙarancin mai, kuma kamfanoni ba sa biyan irin wannan lalacewa. Dillalin da ya haɗa wa mai saye gorar awo da takardar bayani cikin harshen da yake karantawa ya rage wa kansa rigima, ya kuma samu abokin cinikin da zai dawo sayen mai.

Kasuwar man da makomarta

Najeriya tana da masana'antun haɗa man inji a Legas da Kaduna da Kano da wasu garuruwa, amma tushen man da suke sarrafawa daga waje ake shigo da shi, tun da sashen yin man inji na matatar Kaduna ya daɗe ba ya aiki. Saboda haka faɗuwar darajar Naira bayan sakin kasuwar canji a watan Yuni na 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, ta shafi farashin kowace gora kai tsaye. Tsada kuwa ita ke kiran jabu: ana tattara tsofaffin gorori masu sunan manyan kamfanoni a cika su da mai mara asali. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kai samame kan masu wannan sana'a, amma kariyar farko tana hannun mai saye, wato ya saya a wurin wakilin kamfani ko gidan mai, ya duba hatimin murfi, ya kuma huda gorar idan ta ƙare.

Akwai gurbin kasuwanci a nan ga mai lura. Mai shagon aski ba ya iya sayen lita guda ta mai a tashi ɗaya, shi ya sa yake komawa ga mai tsiyayawa a murfi. Ƙananan gorori ko leda masu hatimi na mililita 20 ko 100, daidai awon lita ɗaya ko biyar, sun dace da aljihunsa da kuma buƙatar injinsa. A Turai har ana sayar da fetur na musamman da aka riga aka haɗa a gwangwani, irin Aspen na Suwidin da MotoMix na Stihl, wanda ke jure ajiya ta shekaru, ko da yake farashinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a a nan.

Ya kamata masu zuba jari su kuma san inda iska ke kaɗawa. Inji mai bugu biyu na tsohuwar ƙira yana fitar da wani kaso na fetur ɗinsa ba tare da ya ƙone ba, kuma hayaƙin janareta da aka kunna a cikin ɗaki ko a baranda a rufe ya sha hallaka iyalai a garuruwan ƙasar nan. A ƙarshen 2015 Hukumar Kwastan ta sanar da hana shigo da ƙaramin janaretan nan da yawa, bisa dalilin gurɓata iska, ko da yake bai ɓace daga kasuwa ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka an sanya hannu kan doka a 2021 wadda ta buɗe hanyar daina sayar da sababbin ƙananan injunan ciyawa masu fetur daga 2024, kuma manyan kamfanoni sun karkata ga masu batir. A gida ma, faranti mai amfani da hasken rana da batir sun fara karɓe aikin ƙaramin janareta a shagunan caji da na aski.

Duk da haka, a dajin katako, da kan ruwa, da gonar da ba ta da lantarki, inji mai bugu biyu zai ci gaba da aiki na tsawon lokaci, domin ƙarfinsa da rashin nauyinsa da arahar gyaransa. Farashin lita ba ya hannun mai injin, haka ma canjin dala. Abin da ke hannunsa shi ne sirinji, da jarka mai alama, da gorar mai ta gaskiya, kuma kuɗin waɗannan uku bai kai na fistin da silinda guda ba.